Dogon zama a Sifaniya don koyon Sifaniyanci: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan amsoshi na wanda zai zauna a Sifaniya ne daga wata shida zuwa shekara yana karatun harshen. Farashin da aka ambata kimantawa ce, kuma haya musamman tana tashi kusan kowace shekara, don haka a ƙara wani abu a kan lissafi.

Wace irin biza ake nema, kuma me ake haɗawa?

Idan karatun ya wuce kwana 90, bizar ɗalibi ta dogon zama ake nema, wadda ake kira nau'in D. Daga ƙasarka za ka nema. A Najeriya akwai ofishin jakadancin Sifaniya a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas, a Nijar kuma akwai na Yamai. Tun da sabuwar dokar baƙi ta fara aiki ranar 20 ga Mayu 2025, kada ɗalibin harshe ya yi lissafin shiga da bizar yawon buɗe ido ya juya ta a can.

Makarantar ita ce abin dubawa na farko. Dole ta zama wadda Instituto Cervantes, cibiyar gwamnatin Sifaniya mai kula da koyar da harshen, ta amince da ita, ko kuma ta gwamnati. Karatun da aka saba karɓa na awa 20 ne a mako. Kafin ka tura ko sisi, duba sunan makarantar a jerin da Cervantes ke wallafawa a shafinta, kuma ka tambaya a rubuce ko suna mayar da kuɗi idan an hana biza.

Sai shaidar kuɗi. Ma'aunin da gwamnati ke amfani da shi, IPREM, yuro 600 ne a wata, wato mai wata tara zai nuna aƙalla 5,400 ban da kuɗin makaranta. Kuɗin da ya faɗo asusu dare ɗaya ana saura mako a kai takardu yana jawo tambaya, gara a ga tarihin asusu na watanni. Ana kuma buƙatar inshorar lafiya daga kamfanin da ke da izinin aiki a Sifaniya, wadda ba ta sa ka biya wani kaso idan ka ga likita, da takardar likita, da takardar 'yan sanda mai nuna ba ka da laifi idan zaman ya haura wata shida.

Inda aka fi makara shi ne tantance takardu. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar apostil, hatimi ɗaya da ke sa wasu ƙasashe su karɓi takardun juna, saboda haka takarda sai ta bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje sannan ofishin Sifaniya ya sa nasa hatimi. Fassarar kuma sai ta rantsattsen mai fassara, *traductor jurado*, ba ta ɗan unguwa da ya iya harshen ba. Fara wannan hidima wata uku ko huɗu kafin ranar buɗe aji.

Wane gari ya fi dacewa?

Ya danganta da aljihu da kunne. A Salamanca da Valladolid ana furta kalmomi a fili, haya da sauƙi, amma sanyin hunturu ba ya wasa. Granada gari ne na ɗalibai mai arha, da Musulmi da yawa, sai dai mutanen kudu suna haɗiye harafin s da ƙarshen kalma, sabon ɗalibi ya kan yi wata biyu yana kame-kame. Madrid tana da komai, da tsadarta. A Barcelona da Valencia akwai wani harshe na yankin a kan alluna da takardun hukuma, ko da yake kowa yana jin Sifaniyanci. Ga mai son harshe kawai da kuɗi daidai gwargwado, gari matsakaici ya fi: ana zuwa makaranta da ƙafa, kuma mai shago ba zai juya maka zance zuwa Turanci ba.

Na sauka. Da me zan fara?

Da adireshi, domin sauran takardu duk a kansa suke rataye. Tsarin haka yake. Ka sami ɗaki da yarjejeniya a rubuce. Ka je ofishin ƙaramar hukuma, *ayuntamiento*, da fasfo da wannan yarjejeniya a yi maka rajistar mazauni, wadda kowa ke kira *padrón*. Da takardar ne za ka je ofishin 'yan sanda a ɗauki zanen yatsunka don katin zama na baƙo, TIE, wanda doka ta ce a nema cikin wata guda da shigowa idan zaman ya wuce wata shida.

Ranar ɗaukar yatsu ka riƙe fasfo da kwafinsa, fom EX-17 a cike, hoto ɗan ƙarami mai farin baya, takardar makaranta, takardar padrón, da rasidin harajin da ake biya da fom 790 lamba 012, kimanin yuro 16. A banki ake biyansa tun kafin ranar, ba a karɓar kuɗi a wurin 'yan sanda, kuma wannan kaɗai ya isa a mayar da mutum gida. Katin yana fitowa bayan kwana 30 zuwa 45.

Matsalar ita ce samun ranar ganawa, *cita previa*, a intanet. A manyan birane shafin kan nuna babu gurbi kwana da kwanaki. A riƙa dubawa da sassafe, a ɗauki hoton allon duk lokacin da ya ce babu, saboda shaida ce cewa ka nema a kan lokaci. Akwai masu sayar da gurbi a bayan fage, alhali kyauta ne. Lambar NIE da ake yawan tambaya ba wani kati ba ne daban, lambarka ce ta baƙo, kuma sau da yawa tana nan a jikin biza.

Yaya ake samun ɗaki ba tare da an cuci mutum ba?

Yawancin ɗalibai ɗaki ɗaya suke kamawa a gidan haɗaka, *piso compartido*, ta shafuka irin su Idealista da Fotocasa. A Granada ko Salamanca ana samun ɗaki tsakanin yuro 250 da 400, a Madrid da Barcelona kuwa 500 zuwa 700 ba abin mamaki ba ne. Ana ajiye jingina, *fianza*, ta wata ɗaya ko biyu.

Kada ka tura kuɗi kan ɗakin da ba ka gani ba. Damfarar da aka fi yi ita ce hotuna masu kyau, farashi mai rahusa, mai gida kuma wai yana ƙasar waje, zai aiko makulli in ka biya. Kama masauki na kwana goma, ka zaga da ƙafarka.

Tambaya uku za ka yi kafin sa hannu. Ko za a bar ka ka yi padrón a gidan, domin wasu masu gida na ƙi, kuma ɗakin da ba ya ba da padrón ba shi da amfani a gare ka komai arharsa. Ko kuɗin wuta da ruwa da intanet suna cikin haya. Da kuma me ke ɗumama gidan. Ranar shiga ka ɗauki hoton duk tsagar bango da tabon katifa ka tura wa mai gida, in ba haka ba daga jinginarka za a cire.

Batun abokan zama ya fi yadda ake zato nauyi. Wanda ya tare da 'yan ƙasarsu zai ji daɗin tuwo da hira, amma bayan wata shida Sifaniyancinsa na aji ne kawai. Zama da iyalin Sifaniyawa yana gina harshe da sauri, sai dai ya fi tsada kuma sai an yi maganar abinci dalla-dalla tun farko. Mata na iya neman gidan mata zalla, tallar kan ce *solo chicas*. Yawancin gidajen haɗaka maza da mata ne a gauraye, wasu da kare a ciki, a tambaya.

Nawa ake kashewa a wata?

A gari matsakaici, mai dafa abincinsa na iya rayuwa da yuro 700 zuwa 850: haya, cefane na 180 zuwa 220 a shaguna irin su Mercadona da Lidl, layin waya na yuro 10 zuwa 15, wuta, da ɗan abin sufuri. A Madrid ka sa 1,100 zuwa sama. Watan farko kan ci ninki biyu saboda jingina, bargo, rigar sanyi da littattafai. Ana sayen layin waya da fasfo kawai. Bankuna da yawa na buɗe asusu da fasfo da takardar makaranta, wasu sai sun ga TIE, kuma asusun gida yana da amfani don Bizum, hanyar tura kuɗi ta lambar waya da abokan zama ke raba kuɗin wuta da ita.

Me ya sa wuta ke ɗaukewa a gidanmu alhali maƙwabta na da ita?

Kowane gida yana da iyakar ƙarfin wutar da aka saya, galibi kilowat 3.45 ko 4.6. Na'urar ɗumama ɗaki kaɗai tana jan kusan kilowat 2. Idan wani ya kunna tanda, wani ya sa injin wanki, an zarce iyaka, sai mita ta yanke. A kashe na'ura ɗaya, a je akwatin wuta da ke kusa da ƙofar shiga a sauke babban makunni, a jira 'yan daƙiƙoƙi, a mayar.

Sanyin cikin gida ya fi ba mutane mamaki. Gidajen kudu don zafi aka gina su, daɓen tayil ne, da yawa babu ɗumama ta tsakiya, kuma Granada tana gindin duwatsun Sierra Nevada, daren Janairu kan kai sifili. Rufe tagogi ruf da shanya wanki a ɗaki na sa bango ya yi gumi, baƙar fumfuna ta fito bayan kabad. Maganin shi ne buɗe taga minti goma kowace safiya ko da ana sanyi. Idan ruwan zafin gidan da tukunyar gas mai launin ruwan lemo yake aiki, *bombona* mai kilo 12.5, a ajiye ta biyu, domin tsakiyar wanka take ƙarewa. Kada a taɓa kwana da garwashi ko na'urar gas a kunne cikin rufaffen ɗaki. Mai zuwa daga Najeriya kuma ya taho da adafta, soket ɗin can mai ƙafa biyu zagayayyu ne.

Abincin halal fa?

Nama ba matsala ba ne. Duk gari mai ɗan girma yana da *carnicería halal*, yawanci ta 'yan Maroko ko Pakistan: Lavapiés da Tetuán a Madrid, Raval a Barcelona, kewayen titin Elvira a Granada. Inda ake tuntuɓe shi ne alade da ke ɓuya a abincin da ba a zata ba. Waɗannan kalmomi a haddace su tun makon farko: *cerdo, jamón, chorizo, lomo, panceta, tocino, morcilla, manteca*. Ta ƙarshen kitsen alade ce, kuma tana cikin wasu biskit da kayan zaƙin Kirsimeti irin su *polvorones* da *mantecados*. *Gelatina* a alawa ma a duba ta.

A gidan abinci, idan ka tambaya ko akwai nama a ciki, mai hidima zai iya cewa babu da zuciya ɗaya, alhali an barbaɗa jamón a kan wake ko miya, domin a wurinsa wannan kayan ɗanɗano ne. Tambaya da suna: *¿lleva jamón, cerdo o vino?*, wato akwai busasshen naman alade, alade ko giya a ciki? Kifi, wainar ƙwai da dankali, da shinkafar kayan teku su ne mafaka mai sauƙi.

Lokacin cin abinci ma daban ne. Na rana daga ƙarfe 2 zuwa 3:30, na dare daga 9. Wanda ya shiga gidan abinci ƙarfe 7 na yamma zai tarar da kicin a rufe. Ƙananan shaguna na kulle daga 2 zuwa 5, kuma in ban da wurare irin Madrid, manyan shagunan cefane ba sa buɗewa ranar Lahadi. Ruwan famfo ana sha, kuma tun 2022 doka ta wajabta wa gidajen abinci su ba da shi kyauta ga wanda ya nema.

Zan iya tahowa da kayan abinci daga gida?

Ban da nama da nono. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da su daga waje, don haka kilishi, dambun nama da man shanu za a ƙwace a filin jirgi. Busassun kaya irin kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji da daddawa su suka fi cancantar nauyin jaka, a ɗaure su da kyau. Garin semo da garin shinkafa na tuwo, man gyaɗa, manja, tsamiya da zoɓo ana samu a shagunan 'yan Afirka da na 'yan Latin Amurka. Barkono mai zafi sai a can, Sifaniyawa ba sa cin yaji. Aya kuwa tana nan da sunan *chufa*: a Valencia da ita ake yin *horchata*, kunun aya ne sak da sanyinsa, kuma wani ɓangare na ayar da ake sarrafawa daga Nijar da maƙwabtanta ake sayo shi.

Salla da azumi?

Manyan masallatai kaɗan ne, kamar na Cibiyar Musulunci da ke gefen titin M-30 a Madrid, wanda aka buɗe a 1992, da na unguwar Albaicín a Granada na 2003. Sauran galibi ɗakuna ne a ƙasan bene, ba hasumiya, ba a jin kiran salla a waje, mahauci ne zai nuna maka mafi kusa. Tsohon masallacin Kurɗuba majami'a ce yanzu, ana shiga kallo, ba a barin yin salla a ciki.

Lokuta na motsi sosai. A Madrid cikin Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan 10 saura kwata na dare, a Disamba kuwa kafin 6 ta faɗi, gari kuma ba ya wayewa sai bayan 8. Juma'a kan kama wajen ƙarfe 2, don haka zaɓi ajin safe da ke tashi kafin nan. Ranar Idi ba hutu ba ce a yawancin ƙasar, a sanar da makaranta tun da wuri don kada a rubuta fashi. Agogon Sifaniya daidai yake da na Najeriya da Nijar a hunturu, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma yana gaba da awa ɗaya.

Wata nawa kafin in iya magana, kuma me ke wahalar da Bahaushe?

Mai awa 20 a mako da ke amfani da harshen a waje kan kai matakin B1, wato ya biya bukatunsa ya yi hira, cikin wata biyar zuwa shida. B2, wanda jami'o'i da yawa ke nema, kan ɗauki wata tara zuwa shekara. Mai Faransanci yana gajarta wannan sosai, ko da yake zai yi fama da gauraya harsunan biyu.

Bahaushe ya zo da jari. Wasulan biyar ne, a, e, i, o, u, ana karanta su yadda aka rubuta. Kaɗa harshe a r, da ke hana Turawa barci, yana da shi tun daga gida. Raba suna namiji da mace ba baƙon abu ba ne, har ma yawancin na mata da a suke ƙarewa, sai 'yan tawaye irin su *el día* da *el problema*. Wanda ya yi allo kuma ya san sautin j, kha ce ta Larabci, z kuma tha ce.

Rauninsa p da f ne. *Puente* gada ce, *fuente* maɓuɓɓugar ruwa, mai tambayar hanya da ya musanya su zai ƙare a wani wuri. A yi atisaye gaban madubi: p leɓe biyu ke haɗuwa su fashe, f haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa. Sai aikatau, wanda ke canza wutsiya bisa mai aiki da lokaci, inda Hausa ke barin aikatau ta canza wakilin suna. Haddace jadawali bai isa ba, sai an riƙa furta cikakkun jimloli da baki.

Ina gane malama tsaf, amma a kasuwa ba na jin komai. Lafiya?

Lafiya lau. Malama tana rage gudu tana zaɓen kalmomi, mai kifi ba ya yi. Abin da ke aiki shi ne maimaita wuri ɗaya: sayi burodi a shago ɗaya, kayan miya wurin mutum ɗaya a kasuwar unguwa, har ya san ka ya fara jan ka da zance. Tsofaffi a benci sun fi matasa haƙuri da lokaci. Idan aka juya maka zuwa Turanci ka ce *prefiero en español*, wato na fi so da Sifaniyanci, ba wanda zai ji haushi.

Taron musayar harshe, *intercambio*, yawanci a mashaya ake yi. Wanda bai son wurin ya nemi abokin musaya ɗaya su haɗu a wurin shan kofi ko ɗakin karatu na gari, wanda katinsa kyauta ne. Ƙungiyar ƙwallon unguwa da aikin sa kai suna koyar da abin da aji ba zai koyar ba. Kada kuma ka yi mamaki idan ɗalibai na kiran malama da sunanta tsagwaron suna ce mata *tú*, wato kai ko ke na sabo, ba raini ba ne. *Usted*, na girmamawa, na tsofaffi ne da jami'an hukuma.

Zan iya aiki?

Kada ka gina kasafinka a kai. Izinin aiki na awa 30 a mako da ake yawan magana yana zuwa kai tsaye ne ga ɗaliban manyan makarantu, ba ga mai kwas ɗin harshe ba. Aiki ba takarda yana nan, amma idan aka kama ka zamanka ne a haɗari.

In na yi rashin lafiya fa?

Kira lambar da ke kan katin inshora su nuna maka asibitin da suke hulɗa da shi. Na gaggawa 112 ne, kyauta. Kantin magani yana da koren gicciye mai walƙiya, kuma ba a sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da takardar likita. Abu ɗaya mai muhimmanci: idan zazzaɓi ya kama ka cikin makonnin farko da zuwa, ko bayan dawowa daga hutu a gida, ka faɗa wa likita ƙarara daga ina ka zo, ka nemi gwajin *malaria*. Ba cutar da suke gani kullum ba ce, za a iya ɗauka mura ce.

Gaisuwa da zama da mutane?

Namiji da mace, ko mata biyu, da sumbar kunci biyu suke gaisawa ko da ranar suka fara haɗuwa. Wanda ba ya so ya riga su: hannu a ƙirji, murmushi, *encantado* ko *encantada*. Magana da ƙarfi da katse juna ba faɗa ba ne. Ba a zuwa gidan mutum ba sanarwa, kuma idan aka fita cin abinci kowa nasa yake biya.

Wariya akwai ta, an fi jin ta wurin neman haya: ɗaki yana nan a waya, da an ga fuska sai a ce an kama. 'Yan sanda ma kan tsayar da baƙar fata neman takarda fiye da wasu, don haka katin TIE ya zauna a aljihu, kwafin fasfo a waya. Ƙungiyoyi irin su SOS Racismo na karɓar ƙorafi.

Wace jarrabawa zan yi, kuma yaya ake tsawaita zama ko zuwa gida hutu?

Jarrabawar ƙwarewa a Sifaniyanci biyu aka fi sani, DELE da SIELE. DELE takardar shaida ce da ba ta lalacewa, ana zaɓen mataki ɗaya a ci ko a faɗi, sakamako kan ɗauki kusan wata uku. SIELE a kwamfuta ake yi, maki take bayarwa, sakamako cikin mako uku, tana aiki shekara biyar. Mai gaggawar shiga jami'a ya fara tambayar wadda suke karɓa.

Neman tsawaitawa ana shigar da shi cikin kwana 60 kafin kati ya ƙare, da shaidar halartar aji, sabuwar rajista, kuɗi da inshora. Fashin aji a nan yake fitowa, domin makarantu na rubuta halarta kuma da yawa ba sa ba da takardar kammalawa ga wanda bai kai kashi 80 cikin ɗari ba. Da kati mai rai za ka iya zaga sauran ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da ba a binciken fasfo a iyakokin tsakaninsu, har kwana 90 cikin kowane 180. Idan kuwa katin ya ƙare, sabo bai fito ba, kuma tafiya gida ta kama, sai ka karɓi takardar izinin dawowa, *autorización de regreso*, daga 'yan sanda kafin ka tashi, ka kuma sayi tikitin da zai sauke ka a Sifaniya kai tsaye ko ta ƙasar da ba ta cikin Schengen, domin takardar a iyakar Sifaniya kawai take aiki.